Allura a Cikin Kular Tuwo

Tun da na yi wayo na san Yayana da warin fata. A kamfanin jima yake aiki a Challawa, inda ake zuba kirgi da fatun awaki a manyan ganguna ana juya su da sinadarai, kuma ko da wane sabulu ya yi wanka, warin nan sai ya biyo shi gida. Nakan tsokane shi in ce ko ranar aurensa ƙudaje ne suka fi kowa yi masa kara. Shi kuwa sai ya ce da warin nan aka yi mini karatu, saboda haka in ja bakina in yi shiru. Ban taɓa yin shirun ba. Ni ce autar gidan, kuma kowa ya san bakina ba shi da linzami.

Ƙauyenmu kamfanoni ne suka zo suka tarar da shi. Mahaifinmu manomi ne, ya rasu ya bar mana Inna da 'yar gona a bakin kogi. Yaya shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta kallon idonsa. In za ta yi maganarsa sai ta ce “yaron nan”, alhali yaron nan ya fara furfura a gemu. In ta ajiye masa ƙanzo, wanda yake so tun yana ƙarami, ni take ba wa in kai, ta ce in ce ragowa ne. Haka muka taso muka gani, ba wanda ya ɗauke shi wani abu.

Ina ɗinkin buhu a wani kamfani a Sharaɗa shekarar da ciwon ya fara. Da farko kasala ce da zazzaɓi. Aka sha maganin maleriya, aka sha na taifot, aka koma kan na maleriya. Daga nan asuwakinsa ya fara fitowa ja, jikinsa ya riƙa yin tabo baƙi-baƙi kamar an jibge shi, shi kuwa ba wanda ya taɓa shi. Wata rana ya yanke jiki ya faɗi a bakin ganga, abokan aikinsa suka kwashe shi zuwa babban asibiti. Can aka huda masa ƙashin ƙugu aka zuƙo ɓargo, aka ce sankarar jini ce. Matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba, tana wankan jego a garinsu can Jigawa. Inna kuwa ba za ta zauna jinyar ɗan fari a bainar jama'a ba. Sai na ajiye aikina na ɗauki tabarma da buta.

Likitar da ke duba shi wata siririyar mata ce mai tabarau, ba ta gaggawar magana. Kafin a fara magani ta ja kujera ta zauna kusa da gadon, ta tambaye shi ko yana noma. Ya ce shi ɗan manomi ne.

“To za ka gane,” in ji ta. “Jini a cikin ɓargo ake yin sa. Akwai wasu ƙwayoyi a can, su ne iri, su ke haifar da duk sauran. Yawancinsu barci suke yi, sai jiki ya buƙace su suke farkawa. A jikinka wani ɓangare na irin ya lalace, yana haifar da ƙwayoyin banza, ba sa tare cuta, sai cika wuri. Maganin da za mu sa maka ta ƙarin ruwa yana kashe wanda ya farka yake hayayyafa. Wanda ke barci yakan tsallake shi.”

Ta ɗauko wata 'yar kwalba, ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba.

“Wannan allura ce mai zaburar da garkuwar jiki. Tana tada irin da ke barci, amma ba ta san mai kyau da marar kyau ba. Kamar ruwan farko take, gero ya tsiro, ciyawa ma ta tsiro. Ƙarin ruwan shi ne fartanya. Mu ne za mu auna lokacin da za a ba da ruwa da lokacin da za a yi noma. In aka yi ta ba gona ruwa babu fartanya, ka fi ni sanin abin da za ta zama. Shi kansa irin mai kyau, in ana ta tada shi ba hutu, gajiya yake yi.”

Yaya ya yi dariya ya ce ashe duk shekarun nan shi gona ne bai sani ba. Ya gane maganar sarai. Ina faɗin haka ne don kada wani ya ɗauka rashin sani ne ya ci shi.

Ban taɓa ganin magani mai wulaƙanta mutum kamar ƙarin ruwan nan ba. Yaya ya yi amai har ba abin da ke fitowa sai ruwa mai ɗaci. Bakinsa ya yi gyambo, ko kunu sai da hawaye yake wucewa. Gashin kansa ya riƙa biyo matashi, gemun ma ya zube. Mutumin da ke saɓa jiƙaƙƙen kirgi a kafaɗa shi kaɗai, sai ga shi ni ke riƙe shi ya zauna. Bayan an gama zagayen farko aka ci gaba da yi masa 'yar allurar nan na ɗan lokaci, don irin mai kyau ya farfaɗo. Ƙasusuwansa suka yi ta ciwo, amma a daidai wannan tsakanin ne ya fara tashi zaune da kansa, ya nemi tuwo, har ya fara ce mini na cika surutu.

Duk wannan a idon abokan aikinsa aka yi. Da an tashi aiki sai su zo, hannuwansu rine da sinadari, warin fata ya cika ɗakin har nas-nas su riƙa yamutsa fuska. Ba hannu rabbana suke zuwa ba. Duk sanda aka ce ana buƙatar jini, sai su yi layi a ƙofar ɗakin ɗiban jini, mutanen da su kansu ba su ƙoshi ba. Jagoransu wani dattijo ne mutumin Nijar, kowa Baba yake ce masa. Shi ya koya wa Yaya aiki, kuma da mahaifinmu ya rasu shi ya tsaya a matsayin uba aka je nema wa Yaya aure. Ba shi da yawan magana, sai kallo. Ya ga ranar da aka ɗaura ƙarin ruwa Yaya ya kwanta kamar gawa, ya kuma ga kwanakin da ake yin 'yar allura Yaya ya tashi. Ashe har kwalin allurar da aka yar ya ɗauka ya sa a aljihu, sai daga baya na ji.

Aka sallame mu mu je gida ya huta, sannan mu dawo zagaye na biyu. Likita ta nanata cewa ko ya ji garau kamar bai taɓa ciwo ba, sai ya dawo, domin ba a gama noman ba. Ta ce kada a ba shi komai sai an tambaye ta.

Wanda bai taɓa jinya a ƙauyenmu ba bai san dubiya ba. Kowa likita ne, kuma ba wanda ke zuwa haka nan. Wannan ya kawo zogale, wancan zoɓo don ya ga ja ne kamar jini, wata ta kawo ruwan ganyen gwanda a gora. Ni ce mai gadi. Ina karɓa da godiya, suna juya baya in tuttular a bayan gida. Aka fara cewa yarinyar nan ba ta da kunya, na ce na ji, ciwon kai bai kama ni ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baba ya yi sallama da mutanensa. Yana riƙe da shuɗiyar kularsa, wadda yake zuba tuwo ya rataya a keke in zai tafi aiki. Na ɗauka abinci matarsa ta aiko da shi. Suka zauna a zaure, aka fito da Yaya, ni kuma na kawo ruwa na tsaya a bakin ƙofa. Baba ya buɗe kular. Ƙanƙara ce a ciki, a tsakiyarta kuma 'yan kwalaben nan da na sani, a jere. Karo-karo suka yi, suka ɗauki kwalin suka shiga kasuwar magani suna nunawa har suka samu. Mai sayarwa ya ce ba ta son zafi, shi ne suka sayi ƙanƙara. Har wani mai kemis suka ɗauko daga Ɗorayi wanda zai yi allurar.

“Gani ya kori ji,” in ji Baba. “Mun ga abin da ya kayar da kai, mun ga abin da ya tashe ka. Wancan ruwan ka bar musu kayansu. Ga wadda ta tashe ka mun kawo.”

Na durƙusa daga inda nake na ce, “Baba, ku yi haƙuri in yi magana. Likita ta ce wannan allurar ba ta tafiya ita kaɗai.” Na kwashe zancen ruwa da fartanya na faɗa musu.

Wani daga cikinsu ya yi dariya ya ce, “Auta ta zama likita.”

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, “'Yata, Allah ya yi miki albarka, kin yi jinya. Amma jininmu yana yawo a jikin yaron nan. Wanda ya ba ka jininsa zai kawo maka abin da zai cuce ka?”

Na dubi Yaya. Shi ma ni yake kallo, kuma na ga maganar likita a idonsa tsaf, bai manta ko kalma ɗaya ba. Ya dubi kular, ya dubi hannuwan Baba da suka tsattsage saboda sinadari. Sai ya ce, “Auta, shiga ciki.” Kafin in juya ya fara naɗe hannun rigarsa.

Da suka tafi na same shi a ɗaki na sauke masa duk abin da ke cikina. Na ce kai da kunnenka ka ji. Ya bari sai da na gaji.

“To ya kike so in yi?” ya ce. “Mutumin da ya tsaya mini uba, ya bi kasuwa rumfa-rumfa da kwali a hannu, in ce masa a gaban yaransa ya mayar da kayansa? Ba a mayar da hannun kyauta baya. Guda ɗaya ce, ba za ta kashe ni ba.”

Na ce to ranar komawa asibiti fa. Sai ya ce, “Ke kallon ƙarin ruwan nan kika yi. Ni a jikina ya shiga.” Tsoro ne a muryarsa, kuma ban taɓa jin Yaya da tsoro ba.

Ba guda ɗaya ba ce. Suka samu mai shagon lemo a bakin get ɗin kamfani yana ajiye musu kwalaben a firij. In an tashi aiki Baba ya sa ɗaya a kula, ya zuba ƙanƙara, ya hau keke ya taho, mai kemis na biye da shi. In ta ƙare su sake haɗa kai su sayo. Ƙasusuwan Yaya suka dinga ciwo, suka ce alhamdu lillahi, magani na aiki. Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce. Kowace rana sai ya ce mini bari wannan zubin ya ƙare tukuna, kada su ce ya raina ƙoƙarinsu. Na je asibiti ni kaɗai na gaya wa likita. Ta cire tabarau ta murza idonta, ta ce in kawo shi yau ba gobe ba. Amma ni ba zan iya saɓa ƙato a kafaɗa ba.

Mutum ɗaya ya rage wanda in ya ce bari Yaya zai bari. Na sami Inna a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai.

“Inna, ku yi masa magana. Ku kaɗai zai ji.”

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ni me ya haɗa ni da shi? Ga ubansa can, ga abokansa.”

“Inna, mutuwa zai yi.”

Na ga shinkafa na zubewa ta gefen faifan, kaji suka taho. Ta ce, “Tun da na haife shi ban taɓa duban idonsa na ce yi ko bari ba. Yau zan fara?”

Na ce yau ɗin ce ranar. Ta ce ni marar kunya ce, in tashi in ba ta wuri. Bayan ɗan lokaci na hango ta tsaye a ƙofar ɗakinsa da kofin kunu a hannu. Ta daɗe a tsaye, labule kaɗai ne tsakaninsu. Daga ƙarshe ta ajiye kofin a ƙasa ta kira ni in shigar masa. A ranar na tsani kunya, na tsani kara, na tsani duk tarbiyyar da aka yi mana. Ina ganin mutanen da suka fi kowa son Yaya sun kewaye shi, kowa na girmama kowa, shi kuma yana tafiya.

Wata safiya ya tashi da haɓo. Muka toshe da auduga, ta jiƙe, muka sake, ta jiƙe. Dasashinsa ya kumbura har ya fara rufe haƙora, jikinsa kamar garwashi. A daidai lokacin Baba ya iso da kularsa daga aikin dare. Ya jefar da ita a ɗaki, shi da kansa ya rungumi Yaya ya sa a a-daidaita-sahu.

Da sakamakon gwaji ya fito, likita ta ja ni gefe ta ce ɓargon ya cika da ƙwayoyin banza. Na ce mata ta gaya mini gaskiya, allurar ce?

“Ba zan rantse miki ba,” in ji ta. “Cutar mai ƙarfi ce. Ko da ya dawo a kan lokaci, ba lallai ba ne mu ci nasara. Amma da muna da dama. An yi ta ba gonar ruwa an ɗauke fartanya, irin mai kyau kuma ya gaji. Jikinsa ba zai iya ɗaukar ƙarin ruwan ba yanzu.”

Da na fito na tarar da su sun sake yin layi a ƙofar ɗakin ɗiban jini, kowa ya naɗe hannun riga. Na rasa ko in zage su ko in yi musu godiya. Na wuce su na shiga banɗaki na yi kuka.

A ƙarshe Inna ta zo asibiti. Ba wanda ya aika mata, ita ta yafa mayafi ta taho. Ta zauna a ƙarshen gadon, fuskarta na kallon bango, ta sa hannu ta riƙe ƙafarsa. Can sai na ji ta kira sunansa. Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, har ya yi mini baƙo. Ta sake kira, ta juyo ta dube shi sosai. Bai amsa ba, don tun safe ba ya jin kowa. Ana kiran sallar la'asar ya cika.

Abokan aikinsa ne suka haƙa kabari, su suka ɗauki makara. Bayan an watse daga zaman makoki, ina share ɗakinsa na ga shuɗiyar kular a bayan ƙofa, ƙanƙarar ta narke tuntuni. Na ɗauko ta zan maka da ƙasa. Inna ta karɓe, ta wanke ta tas, ta cika ta da dambu, ta ce in kai wa mai ita. “Ba a mayar da kwano haka nan,” in ji ta. “Mutanen nan sun yi mana abin da ɗan'uwa bai yi ba.”

Na tafi a ƙasa, ina tsara maganar da zan gaya masa. Na isa bakin get ana canjin aiki, jiniya na busawa, wasu na fita wasu na shiga. Na hango Baba. Cikin 'yan kwanakin nan ya tsufa, wuyansa duk ya rame. Ya karɓi kular da hannu biyu ya yi addu'a.

Sannan ya ce, “'Yata, abu ɗaya ke cina. Akwai lokacin da allurar ta yanke a kasuwa, muka yi jinkiri ba mu kawo ba. Da mun samu mun ƙara masa, da ya tashi?”

Na buɗe baki, duk maganar da na tsara ta gudu. Na ji kaina ina cewa, “Kwana ne ya ƙare, Baba. Kun yi iya ƙoƙarinku.” A nan na san abin da Yaya ya ji a zaure ranar Juma'ar nan. Ashe ba wuya kunya ta rufe wa mutum baki.

Ya gyaɗa kai ya share ido. Ya ce, “Akwai ragowa a firij ɗin mai shago. Wani ɗan garinmu da ke aiki a Bompai, an ce 'yarsa ma ciwon jini ne. Gobe zan kai musu, kada ta lalace a banza.”

Na riƙe hannun kular. Na ce, “Baba, kada ku kai.” Na gaya masa duka, ban rage komai ba, har abin da likita ta ce ba za ta rantse ba da abin da ta ce muna da dama. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, don mu biyu ne kawai.

Ya lalubi katanga ya zauna a ƙasa, kular a kan cinyarsa.

“Shi ya sani?” ya ce.

“Ya sani.”

“Ya sani, ya miƙo mini hannu?”

“Kunyarku ya ji, Baba.”

Jiniya ta sake busawa, 'yan aikin rana suka gama shigewa, mai gadi ya fara jan ƙofa yana kiransa. Baba bai tashi ba. Na tsuguna kusa da shi, warin fata na tashi daga rigarsa, irin na Yaya sak.